Kakin Kyandir a Katifar Baba

Ƙarfe tara na safe wani mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda ko sallama babu. Ƙato ne, furfura ta fara cin gemunsa, yatsunsa duk sun yi kanta.

"Ranka ya daɗe, a kama mijin ƙanwata. Ya kusa kashe mana uba."

Sufeto ya ɗago kai daga fayil. "Da me?"

"Da katifa."

Kofur ya fashe da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Amma zancen ba na dariya ba ne. Uban nasu tsohon mai shagon katifa ne, shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mai ƙarar shi ne babban ɗansa, kowa Yaya yake ce masa. Surukin kuwa, wanda ake kira Dogo, shi ya yi wa tsohon katifar ɗori, irin siririyar nan da ake ɗorawa kan babbar katifa: soso sama, soso ƙasa, ƙananan sifirin na waya a tsakiya. Waya ta ɓullo daga ciki ta soki tsohon a kwiɓin da ba ya ji. 'Yarsa Auta, matar Dogo, ta ɗauka gyambon kwanciya ne. Kwana huɗu tana wankewa, tana sa magani, tana mayar da shi kan wayar. Yanzu yana asibiti, zazzaɓi ya ƙi sauka.

"Aikin ganin ido ne," in ji Yaya. "Mutumin da ya shigo shagonmu bai san basilla daga ƙusa ba, yau shi ne gwani."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Ɗakin tsohon ƙarami ne, yana warin man zafi. Katifar ɗorin tana nan a kan gado da tabon jini. Sufeto ya shafa wurin, bai ji komai ba. Sai da ya danna da gwiwar hannu, tsinin waya ya leƙo kamar harshen maciji.

Ya sa reza ya tsaga tsakiyar. Kowane sifirin yana cikin ɗan aljihunsa na yadi, an lanƙwasa bakinsa ciki. Ya duba goma, ya duba ashirin, duk haka suke. Guda ɗaya ne aka miƙar da bakinsa sama, aka yanke shi a karkace, yana ƙyalli.

"Kofur, ka taɓa ganin waya ta karye ta fiƙe kanta?"

"A'a, yallaɓai. Amma duba ɗinkin gefe, lafiyarsa lau, ba a taɓa farke shi ba. Wanda ya rufe katifar shi ya san abin da ya rufe."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Oga ne. Shekara tara da suka wuce Sufeto ne ya koya wa wannan ogan yadda ake rubuta rahoto. Yanzu shi ke zaune a ofis mai labule, Sufeto yana sara masa.

"Me kake jira? Tsare surukin, ka rufe fayil."

"To, ranka ya daɗe," in ji Sufeto. Ya kashe wayar. Takaicin nan ba baƙonsa ba ne, sun daɗe tare.

Dogo da Auta suna zaune a falo, ita idanunta sun kumbura.

"Kai ka yi katifar?"

"Ni na yi, yallaɓai. Sifirin ɗari uku da sittin, kowanne da filaya na lanƙwasa shi. Baba ne fa."

"Wa ya shiga ɗakin nan ban da ku?"

"Babu," in ji Auta da sauri. "Ban taɓa barin Baba ba."

Sufeto ya zaro katin asibiti da ke maƙale jikin madubi. "Nan an rubuta ranar Litinin an kai shi gashin ƙashi. Gadon ma kun tafi da shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Mun rufe gidan."

"Makulli nawa ne?"

"Biyu." Ta kalli mijinta. "Uku. Na ukun yana wajen Yaya. Amma yallaɓai, shi ne ya goya ni. Kada ka sa shi a ciki."

"Ban sa kowa ba tukuna. Ya zamansa yake da mijinki?"

Dogo ya yi caraf. "Lafiya lau muke."

"Ƙarya kake," in ji Auta, ta share hanci. "Tun ranar da muka kai Baba shago a keken guragu ba su gaisa ba. Baba ya kama hannun wannan a gaban masu ciniki, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa barci irin na kan katifar Dogo ba. Katifar da ke ƙarƙashinta kuwa Yaya ne ya yi ta. Shekara ashirin Baba yana kwana a kai, bai taɓa cewa sannu ba."

Sufeto ya koma ɗakin. Ya juya katifar, ya bi ɗinkin gefe da babban yatsa, a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi. Ɗinkin keke ne, wani wuri ya ɗan karkace, wani wuri zaren ya yi tsalle. Daidai saitin wayar sai ya ji yatsansa ya zame. Tsawon taƙi guda ɗinkin ya miƙe sak, babu tsalle, babu ƙulli. Ya kankare zaren da farce. Wani farin abu ya maƙale masa.

Ya leƙa falo. "Dogo, ka iya ɗinkin hannu?"

"Sosai ma," in ji Dogo, ya gyara zama.

"Kai, rufe mana baki," in ji Auta. "Maɓallin rigarsa ma ni ke sa masa."

Sufeto ya yanko wannan gefen da almakashi, ya nufi asibiti.

Tsohon yana kwance, an sa masa ruwa. Bakinsa ya karkace amma idonsa tar yake. Sufeto ya gaishe shi, ya sa masa yankin a hannun dama.

Yatsun tsohon suka bi ɗinkin keken, ya taɓe baki. Da suka iso taƙin nan sai suka tsaya. Suka koma baya, suka sake bi. Fuskarsa ta saki, ya yi wata magana a hankali. Sai da ya faɗa sannan ya lura da kakin 'yan sanda a jikin baƙon nasa. Ya saki yadin.

"Ɗan nan, ban ce komai ba. Zazzaɓi ne."

"Na ji, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

La'asar ta yi lokacin da Sufeto da Kofur suka isa shagon. Soso ne jibge har rufi, ga warin gam, ga buhunan sifirin. A gefe guda keken ɗinkin Dogo, sabo fil. A ɗaya gefen benci da ya sha zama har ya yi santsi, Yaya yana kai.

"An kama shi?"

"Ana kan hanya," in ji Sufeto. Ya ɗauko matashin kujerar motarsu, wanda ya daɗe a farke. "Taimaka min da wannan. Ko in jira mai keke?"

Yaya ya yi tsaki. "Keke ai na ragwaye ne. Kawo."

Ya warware zare, ya gatsa da haƙori. Yana magana hannunsa ya shiga aljihu da kansa, ya fito da guntun kyandir. Ya ja zaren a kai sau biyu, ya zura a basilla. Cikin minti uku ya gama. Babu ƙulli, ya nutsar da bakin zaren ciki.

Sufeto ya ajiye yankin katifar kusa da matashin. Ɗinki biyun suka kwanta kamar tagwaye.

"Zaren keke ba a shafa masa kaki," in ji Sufeto. "Ka kwaikwayi ɗinkin Dogo, amma hannunka ya ƙi yarda ya yi mummuna."

Yaya ya kalli kyandirin da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ranar Litinin ina nan shago."

"Makullinka na gidan yana ina?"

Yaya ya ajiye basillar a kan benci. Fanka tana ta juyawa a sama.

"So na yi wayar ta soke shi sau ɗaya," in ji Yaya, muryarsa ta dushe. "Ya yi ihu, ya ce a fitar masa da tarkacen nan, ya koma kan tawa. Shi ke nan. Baba ta ɓarin dama yake kwanciya tun muna yara. Ban san Auta ta koma kwantar da shi ta hagu ba."

"Yaushe rabonka da juya shi da hannunka?"

Yaya ya kau da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Da ka ga abin ya ɓaci kuma, sai ka zo ka ba mu surukinka."

"Ina shekara bakwai na fara tsinka masa zare," in ji Yaya. "Shekara arba'in. In na yi daidai ya yi shiru, in na kuskure ya ɗauko tsinken katifa ya dake ni. Wannan kuwa daga zuwansa..."

Sufeto bai katse shi ba. Ya san ƙarshen maganar, shi ma wanda ya koya wa aiki yake sara wa. Ya yi wa Kofur alama, Kofur ya fito da ankwa.

A bakin ƙofa Yaya ya tsaya. "Baba ya sani?"

"Shi ya fara ganewa."

"Ya tsine min?"

"A'a. Ya shafa ɗinkin sau biyu. Ya ce, 'Wannan hannun babban ɗana ne. Ni kaina ban kai shi ba.'"

Yaya ya buɗe hannunsa. Guntun kyandirin ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin keken Dogo.

"Shekara arba'in," ya ce. "Sai yau."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota da kansa.