Tsohon Da Ya Kewaye Gonaki

Akwai wani birni da har yau ake kiran ganuwarsa Ganuwar Tsoho. Can da daɗewa, mutanen garin suka sa wani tsohon magini ya shata musu ita. Ya ja layi har bayan gonaki.

Suka ce, "Baba, gidaje kawai za ka kewaye. Kwaɓa ƙasa da wuya."

Ya ce, "Har da gonaki."

Mai gari ya ce zai kore shi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, har da gonaki."

Aka gina ana gunaguni.

Wata shekara mayaƙa suka yi wa birnin ƙawanya, suna jiran yunwa ta buɗe musu ƙofa. Bayan wata huɗu suka jiyo mata a ciki suna sussukar sabon gero. Suka naɗe kayansu.