Kwandala Mai Huji

"Gwal ɗina..."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da goga wani karyayyen zobe a kan dutsen gwaji, amma muryar Dogo ko a cikin barci na san ta.

"Malam, sayarwa ka zo yi ko kallo?"

"Haba dai. Ni ne Malam yau?"

"To me kake so in ce, ɓarawon suna?"

Sana'armu sayen lalataccen zinare ce. Kwandalar da ta lanƙwashe, wadda ta goge, ɗan kunne mara ɗan'uwa, duk mu auna mu saya, mu kai gidan narka mu ci 'yar riba. Dogo a hannun Baba ya koyi wannan aiki, shi ke kai mana kaya, kuma shi zan aura. Sai ya hango kujerar mai sayen kaya a gidan narkar. Ya cusa tagulla cikin kayanmu, ya rantse wa maigidan wurin cewa halin Baba ne. Shi ya samu kujera, mu aka daina karɓar kayanmu. Baba ya kwanta da hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye, har yau bai sake taka shagon nan ba.

"Umma ce ba lafiya," ya ce a hankali. "Kwandalar nan take ta tambaya. Wadda na ba ki."

Na san ta mana. Marigayi mahaifinsa ya huda ta ya rataya wa Umma, mahaifiyar Dogo, a wuya. Dogo ya damƙa mini ita ranar da ya ce in ba ni ba, ba aure.

"Ka makara. Kayan narka ce."

Sai ya yi murmushi. Wallahi murmushin nan ne ya ƙarasa ni.

"Ba za ki iya ba. Na san dokar gidanku."

Gaskiya ya faɗa. Baba ba ya narka kwandala mai huji. Cewa yake duk wadda aka huda, a wuyan wani ta kwana, kuma mai ita zai dawo. Sai ya jefa ta a wata tsohuwar kwalba ta yi ta jira. 'Yan kasuwa har tsiya suke masa, wai ya buɗe gidan marayun kwandala.

Wato mutumin da ya kwantar da Baba, yau da kirkin Baban ya zo ya jingina.

Na zazzage kwalbar, na ɗauki tasa, na rufe shago.

"Mai dokar ka kwantar da shi. Biyo ni ka sha kallo."

Gidan narka zafi kamar ya gasa mutum. Maigidan yana ganina ya haɗe rai.

"'Yar nan, na ce ba na sayen kayanku."

"Ban kawo talla ba, ranka ya daɗe. Abina zan narka, in biya ladan wuta."

Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini tukunya. Ta yi jawur, zinaren wani yana juyi a ciki. Na karɓi awartaki, na kama kwandalar, na miƙa ta saman wuta. Masu kawo kaya suka fara matsowa.

"Don Allah, masoyiyata," Dogo ya raɗa mini. "Umma fa 'yata take ce miki..."

"Baba ma ɗana yake ce maka. Wa ya sa tagulla a kayanmu?"

"Mu je waje mu yi magana."

"A nan ka yi rantsuwa, a nan za ka warware ta."

Ya kalli maigidansa, ya kalli wuta. Na sassauta awartakin kaɗan, kwandalar ta zame har baki. Zuciyata na cewa ki bari, amma na tuna Baba kwance yana kallon rufi.

"Ni ne!" Muryarsa ta fashe. "Ni na sa. Tsohon nan bai taɓa cutar kowa ba."

Maigidan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannu.

"Ba ni makullin sikeli."

Maigidan ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ki ce wa mahaifinki ina nan tafe da ƙafata."

Na yi zaton zan ji daɗi, kuma na ji, ba zan ɓoye ba. Na tsoma kwandalar a ruwa ta huce, na ajiye masa a kan benci, don ko hannunsa ba na son taɓawa.

"Kai wa Umma. Ita ba ta yi mini komai ba."

"Mu fa?" Hawaye ya wanke masa fuska. "Har yanzu ina sonki, wallahi..."

"Ni ma," na ce. "Shi ya sa ba zan taɓa yafe maka ba."

Na tarar da Baba a kishingiɗe, an jingina masa filo. Na durƙusa na kwashe komai na faɗa masa, har makullin da aka karɓe. Jira nake ya yi dariya, ko ya ce Allah ya ƙara. Bai tambayi maigidan narka ba, bai tambayi sunansa da aka wanke ba.

"Mai hujin fa? Kin narka?"

"A'a, Baba."

Ya lumshe ido, ya ɗora hannunsa mai lafiyar a kaina.

"To buɗe shago da wuri gobe. Zan zo in zauna."

A nan kukan da na riƙe tun ganin Dogo ya ƙwace mini, na kifa kai a gwiwarsa na yi mai isata.