Yadda Farin Kai Ya Zama Kore

A unguwar Madureira, cikin birnin Rio, akwai wani yaro ɗan shekara goma. Yaron kirki ne. Ba ya sata, ba ya zagi. Matsalarsa ɗaya ce tak: duk abin da za ka faɗa masa, ya riga ya sani.

Watan Disamba ya kama. Aka ba da hutu, zafi ya sauka, irin zafin da har kare ke neman aron fanka. Kamar kowane ƙarshen shekara, yaran unguwa suka yi layi a shagon aski ana rina musu gashi fari fat. In ka leƙa titi, sai ka rantse gonar auduga ce ta tashi tana buga ƙwallo.

Yaron ya dawo gida fuska a murtuke.

"Mama, ni kaɗai na rage mai baƙin kai a layin nan!"

"Ai da shi na haife ka," in ji Mama Nilza, tana tsintar wake. "Ran Asabar bikin yayarka. Kai ne mai ɗaukar zobba a coci. Ba na son wata fitina."

Ɗaukar zobban nan ba ƙaramin abu ba ne a wurin yaron. Wata guda ya yi yana koyon tafiyar. Daga ƙofar kicin zuwa bakin gado, da ɗan matashi a hannu, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. An ɗinka masa farar kwat. Kuma ya san in ya kuskure, akwai Dudu, ɗan wan ango, yana jira. Ko sunan Dudu ba ya son ji.

Yayarsa Jussara, amaryar kenan, ita ta sa baki.

"Mama, ƙyale shi. Farar kwat da farin kai, zai yi kyau a hoto." Ta juyo ta nuna shi da yatsa. "Amma ka ji ni da kyau, ƙanena. Fari na ce. In ka zo mini da wani shirme, Dudu zan ba."

"Haba Yaya! Ni jariri ne?"

Ran Litinin, Kawu Ademir mai aski ya shafa masa maganin rini. Awa biyu yana zaune, fatar kai tana ƙaiƙayi, yana cije baki. Da aka wanke, kai ya fito fari tas kamar kwakwar da aka kankare.

Zai ruga, Kawu Ademir ya riƙe masa kafaɗa.

"Tsaya, saurayi. Gashin da aka rina ƙishirwa gare shi, kamar busasshen soso. Ruwan da ya fara samu, shi zai sha. Kafin ka shiga iyo, jiƙa shi sharkaf da ruwan famfo, ka shafa mai. In ka fito, ka ɗauraye. In rana ta take, sa hula."

"Hula?" Yaron ya zaro ido. "Awa biyu ina shan azaba, sannan in rufe shi da hula? To wa zai gani?"

"Rana za ta gani. Ita kuma ba yabawa take yi ba."

"Na sani, Kawu, na sani."

A makon nan ne baban Kleiton, maƙwabcinsu, ya kafa ƙaton tafkin roba a kan rufin simintin gidansa. Kullum da safe yana zuba masa wani shuɗin magani don kada gansakuka ta fito. Mutum ne mai sakin hannu. In an ce murfi ɗaya, uku yake zubawa, ya ƙara ɗan kaɗan saboda albarka.

Maman Kleiton kuwa tana tsaye a bakin tafki da tiyo. Duk yaron da zai shiga sai ta jiƙa masa kai, ta shafa masa mai. Yara suka yi layi.

"Kai, ɗan Nilza, zo nan in jiƙa maka!"

"An jiƙa mini a gida, Gwaggo!"

Ba a jiƙa masa ba. Ya zagaya ta baya ya faɗa ruwa tsundum. Hular da Mama ta cusa masa kuwa, tun a ƙasan matakala ya ajiye ta.

Sauran yara su yi awa ɗaya su fita. Shi kuwa tun hantsi har la'asar yana nutso. In ya gaji ya kwanta a kan siminti, rana tana gasa masa kai. Talata haka, Laraba haka, Alhamis haka.

Ran Alhamis da la'asar yana dawowa, ya lura kowa yana kallonsa. Mai sayar da ruwan rake ya bar aikinsa yana kallo. Yaron ya ƙara ɗaga kai, ya canza tafiya.

Kakarsa Zefa tana zaune a bakin ƙofa. Ta gyara tabarau.

"Nilza! Wa ya bar ƙofa a buɗe? Ga aku ya shigo mana gida."

"Wane aku, Kaka?"

"Au, har magana yake yi!"

Yaron ya ruga gaban madubi. Kansa kore ne. Kore shar, kamar an shuka alayyafo an ba shi taki.

"Wayyo Allah! An cuce ni!"

Mama ta fito da ludayi a hannu. Ta kalle shi, ta kalli sama, ta sake kallonsa.

"Ina hular da na ba ka?"

"Ba maganar hula ba ce, Mama! Baban Kleiton ne! Ya zuba guba a ruwa!"

"Yara nawa suka shiga ruwan?"

"Mu tara."

"Aku nawa suka fito?"

 Sai yaron ya canza hanya. "To Kawu Ademir ne! Maganinsa na bogi ne!"

Ana cikin haka Jussara ta shigo da kwalin takalman biki. Kwalin ya faɗi ƙasa.

"Mene ne wannan? Mene ne wannan a kanka?"

"Yaya, ba laifina..."

"Kwana biyu! Saura kwana biyu bikina! Abu ɗaya na roƙe ka! Furanni farare na yi oda, kek fari, kujeru farare, sai kai ka zo mini da lambu a ka?"

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa da maganinsa. Wata ta ce madara. Aka zuba madara. Wata ta ce ai tumatir ne maganin kore. Aka markaɗa tumatir aka lafta masa, ya zauna a kan bokiti yana ƙamshin miya, ƙudaje suna kawo gaisuwa.

Da aka wanke, koren ya ɗan ja da baya, ya koma kalar cikin fiya. Amma ga wata sabuwa. Mama ta sa mataji, gashi ya biyo mataji. Rini ya raunana shi, maganin ruwa ya cinye shi, rana ta ƙarasa. Ya bushe ƙayau kamar soson ƙarfe. Fatar kan ma ta ƙone, ta yi ja.

"Shi ke nan," in ji Jussara. "Dudu zai ɗauki zobba."

"Dudu? Dudu da ko tafiya bai iya ba? Dudu mai sa yatsa a hanci? Wannan zalunci ne!"



Ran Juma'a da sassafe ya nufi shagon aski, yana huci. Ya shirya maganganu masu zafi tun daga gida.

"Kawu, dubi abin da ka yi mini!"

Kawu Ademir ya zagaya shi sau ɗaya, hannu a baya, kamar mai duba gona.

"Tabɗi! Ya yi yabanya. Zauna in tambaye ka. Ka jiƙa kafin ka shiga?"

"...A'a."

"Ka shafa mai?"

"A'a."

"Ka ɗauraye da ka fito? Ka sa hula?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Maganganun nan masu zafi duk suka huce.

"To wanne ne laifina a ciki?"

"Babu, Kawu." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ne. Za a iya sake rinawa?"

"In na sake sa masa magani, har da fata zai tafi. Magani ɗaya ya rage." Ya ɗaga injin aski.

Yaron ya kalli madubi. Hawaye suka cika masa ido. 

"Aske, Kawu."

A hankali aka bi kan, saboda ƙuna. Koren gashi ya zuba a ƙasa. Minti biyar, an yi ƙwal-kwabo.

Ya samu Jussara tana goge mayafin amarya. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, ki yi haƙuri. An faɗa mini, ban ji ba. Ba baban Kleiton ba ne, ba Kawu ba ne. Ni ne. In kin ba Dudu ma, daidai ne."

Jussara ta ɗago a fusace. Sai ta ga kan. Ja, sumul, yana ƙyalli kamar nunannen mangwaro, da kunnuwa biyu a gefe suna neman wurin ɓuya. Ta matse baki. Ta ƙara matsewa. Dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa.

"Zo nan, ɗan rainin wayo." Ta rungume shi. "Wannan 'ni ne' da ka ce, shekara goma nake jiran sa. Je ka gwada kwat ɗinka."

Ran Asabar coci ya cika. Aka buɗe ƙofa, yaron ya shigo cikin farar kwat, da zobba biyu a kan matashi. Ya taka a hankali, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mai hoto ya yi ta ƙorafi wai kan yana mayar masa da haske. Amma da yaron ya miƙa zobban, Jussara ta sunkuya da mayafinta, ta sumbaci tsakiyar kan nan a gaban kowa.

Gashi ya sake fitowa, baƙi kamar na da. Yaron kuma ya koyi abu biyu. Rana da ruwan iyo suna cin gashi, don haka a jiƙa, a shafa mai, a ɗauraye, a rufe. Na biyu ya fi girma: in wanda ya san aikinsa ya gargaɗe ka, saurara har ya gama. In kuma ka yi kuskure, kada ka tsaya neman wanda za ka ɗora wa. Ka ce, "Ni ne."