Rabon Abah a Magudanar Ruwa

"Gobe da sassafe motarmu za ta tashi, Neng Imas..."

Saura kaɗan tiren shayin ya suɓuce daga hannuna.

"Gobe? Kang Galih, goben nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza filafilin kwale-kwalensa. A bayansa ma'aikata na kwance sandunan da suka rataya bisa ruwa domin tseren kwale-kwale. Gasar ƙasashen Asiya a Jakarta ake yin ta, amma Jakarta ba ta da ruwa mai gudu, shi ya sa aka kawo wa madatsar garinmu wannan wasan. Da shi aka kawo mini Galih, ɗaya daga cikin 'yan wasan, wanda kullum yake sayen shayi a rumfarmu alhali ba ya son shayi. A garinmu Kang ake ce wa saurayi, Neng kuma budurwa.

"Bikin rufewa ne, rabin raina. Tun ina yaro nake mafarkin shiga babban filin nan a bayan tuta. Zan dawo."

"Ka dawo ka tarar da me? Gobe ne yashe!"

Bai gane ba, ni kuma kuka ya hana ni yi masa bayani da kyau. Tun da aka fara gasa ake tara ruwa domin 'yan wasa, irin shinkafarmu ya tsufa bai ga dashe ba. Gobe za a sako ruwan gonaki, kuma kafin nan kowane gida sai ya yashe rabonsa na magudana. A ƙauyenmu gidan da ba ɗa namiji, duk saurayin da ya shiga taɓon rabonsu ya yashe, to magana ya ajiye a kan 'yar gidan. Abah, mahaifina, ni kaɗai ya haifa, ga ciwon baya. Dadang ɗan mai gari kuwa ya riga ya faɗa a kasuwa cewa rabonmu nasa ne.

"Rabonmu kusa da bishiyar mangwaro yake," na ce, na juya da gudu.

Da na ambaci Galih a gida, Abah ko kallona bai yi ba.

"Mai wasa da ruwan da muke roƙon Allah ya ba mu? Ki cire shi a ranki. Waɗannan mutanen da tutocinsu za su naɗe su tafi."

Na so in musa, amma ina da hujja? Babban birni ya ari kogin namu, ya gama, zai tafi. Me zai sa mutum ɗaya ya tsaya?

Da gari ya waye na ji ƙarar motar 'yan wasa tana wucewa ta kan gada. Ban leƙa ba.

Muna isa bakin magudana da Abah muka tarar da Dadang tsaye da farin takalmi, ga lebura biyu cikin rabonmu.

"Abah, ka huta! Kafin rana ta ɗaga sun gama."

Abah ya dubi takalmin, ya dubi leburorin.

"To cikin su biyun wa zan ba Imas?"

Dariya ta ɓarke. Dadang ya haɗe rai, leburorin suka fito suna kakkaɓe hannu. Ni dai ban yi dariya ba. Rabonmu na nan cike da taɓo, ruwa na tafe, ba kowa.

Sai shewa ta tashi daga can ƙasa, wajen wata bishiyar mangwaron.

"Jama'a ku zo ku gani! Mak Ijah ta yi goshi!"

Mak Ijah tsohuwar maƙwabciyarmu ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ɗa ba jika, haƙori biyu suka rage mata. Tana tsaye tana tafi, a ƙarƙashinta wani mutum ya nutse cikin taɓo har gwiwa, yana sara da fartanya kamar mai faɗa da ita. Rigar 'yan wasan ƙasa ce a jikinsa, ja da fari, sai dai yanzu ba ja ba fari.

"Kang Galih!"

Ya ɗago yana haki, fuska duk laka.

"Na gama, Neng! Kin ce kusa da mangwaro..."

"Mangwaro biyu ne, Kang!"

"Ni dai na amsa!" in ji Mak Ijah. "Yaro kyakkyawa haka? Imas, ki yi haƙuri, ya riga ya shiga taɓona!"

Mata suka kama ciki don dariya. Wani ya ce a kira liman tun kafin ango ya farga. Galih ya tsaya riƙe da fartanya, tafin hannunsa ya saɓule, bai san inda zai sa kansa ba.

Abah ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya bi rabon tsohuwar da kallo daga farko har ƙarshe. Shekaru ke nan ba wanda ya taɓa yashe mata shi sai in kowa ya gama nasa.

"Motarku fa?"

"Ta tafi, Abah."

"Bikin naku?"

"A talabijin zan gani... in an bar ni na zauna."

Abah ya sake duban aikin. Daga nesa aka buga ƙarfe, alamar an kusa buɗe ƙofar madatsa.

"Aikinka ba kyau," ya ce. "Gefen ya karkace."

Sannan ya miƙa masa tasa fartanyar, wadda ko ni ba ya bari in taɓa, ya nuna bishiyar da ke sama.

"Namu daga can ya fara. Yi sauri, ɗana, ruwa ba ya jira."

Galih ya dube ni, na rufe fuska da gyale ina kuka ina dariya. Da ruwan ya iso, yana tsakiyar rabonmu.