Duman da Barau Ya Sare

Ana gab da kiran magariba, kaji na shiga akurki, Barau na alwala a tsakar gidansa da ke Kiyawa, sai dutse ya faɗo kan sabon kwanon rufin ɗakinsa. Ƙwal! Ya leƙa lungu da niyyar zagin yaran maƙwabta, ba kowa. Kafin ya wanke ƙafa wani ya sake faɗowa, wannan kuma daga cikin ɗaki aka jefo shi sama.

Ɗakin nan a da soro ne na ƙasa da azara, tun na kakansa. Duk damina ciyawa kan tsiro a kansa, duma ya hau ya lulluɓe shi ruf. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sanyi za ka ji kamar ka leƙa randa. Amma Barau, Allah sarki, ya gaji da a ce gidansa ne kaɗai mai ciyawa a ka. Yana sayar da riɗi ya sa adda ya sare duman, ya rushe soron, ya buga kwano. Bai tsaya ya yi abin da tsofaffi ke yi ba, wato a yi sallama, a roƙi duk mai zama a wurin ya tashi tukuna.

Tun daga nan ɗakin ya zama tanda. Da azahar ko kyanwa ba ta yarda ta kwanta a ciki. Jifa ya ƙi ƙarewa, kullum da faɗuwar rana. Sannan 'yarsa tilo, Ruwaida, ta daina magana, ta daina ci. Sai ta tsuguna a gindin bango tana kallon sama, jikinta zafi rau, leɓɓanta sun tsattsage.

"Malam, yarinyar nan tafiya za ta yi," in ji matarsa Adawiyya. Tsoro ya kama Barau irin wanda bai taɓa ji ba. Ya hau babur sai Yalwawa a Dutse, ya ɗauko Malam Muntaka mai ruƙiyya.

Malam ya zauna kan buzu, ya soma karatu a hankali. Gari ya yi tsit. Can Ruwaida ta ɗago kai, sai muryar wata tsohuwar mace ta fito daga bakinta.

"Daina ƙona ni. An riga an ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ba komai. Ubanta ne. Tun kafin a haife shi muke zaune a ƙarƙashin duman nan. Ya raba mu da inuwa, ya bar mu kan ƙarfe da rana tsaka. Jaririna bai kai la'asar ba." Ta juyo da idon Ruwaida kan Barau. "Ɗa ya ɗauka, 'ya zan ɗauka."

Barau ya durƙusa.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Kuma ran yarinyar nan ba naki ba ne, na Allah ne. Faɗi abin da mutum zai iya."



"Inuwa," in ji muryar. "Sauran 'ya'yana suna nan."

"Wallahi zan mayar," Barau ya ce yana kuka. "Ko da ruwan da zan sha ne, zan ba shukar."

Ruwaida ta yi atishawa, ta faɗi a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa."

Barau ya kafa rumfar kara a bisa kwanon, ya shuka duma da soso a gindin bango, yana jido musu ruwa cikin rani maƙwabta na yi masa dariya. Ganye ya rufe rufin, ɗaki ya yi sanyi, Ruwaida ta koma makaranta. Sai dai akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk yammar da ya sunkuya yana ban ruwa, yakan ji muryar mace can cikin ganyen, ƙasa-ƙasa, tana rarrashin jaririn da ba ya kuka.