Wanda Ya Goge Wa Baba Kwanan Wata

Ranar da Auta ta fara ganinsa ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ya shigo ɗakin karatun Baba da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya leƙa allon da take aiki a kai, ya ce, "Subhanallahi! Har yanzu da wannan tsohuwar manhajar kuke wallafawa?"

Ta harare shi sama da ƙasa. "Kai ne Yaya ya turo?"

"Ni ne."

"To aiki aka turo ka, ba wa'azi ba."

Baba tsohon malamin lantarki ne. Tun Auta tana firamare yake rubuta darussa a shafinsa na intanet, yadda ake haɗa batirin sola, yadda ake gane inbata ta ƙone, masu gyara suna ta karantawa. Da idonsa ya yi rauni ita ta karɓi lodawa. Sai dai manhajar da ke mayar da fayilolinsa shafuka ta tsufa, kowane sabon darasi sai an sha fama kafin ya fito. Shi ya sa Yaya ya turo abokin aikinsa ya kwashe komai zuwa sabuwa.

Kullum da la'asar sai ga shi, kullum kuma sai sun yi. Shi ba ya iya ganin abu a hargitse, ita kuma ba ta iya ganin an taɓa kayan Baba. Ta raɗa masa Sarkin Tsafta, ya raɗa mata Alƙaliya. Abin haushin, ta fara kama kanta tana duba madubi kafin la'asar.

Wata rana bayan ya tafi saƙonsa ya shigo: "Alƙaliya, yau ba ki zage ni ba. Lafiya kuwa?"

Ta rubuta: "Na gaji ne. Gobe zan haɗa maka da na yau."

"Zan zo da wuri, kada ya huce."

Ta kife wayar tana murmushi, ta kuma ji haushin murmushin. Son shi take yi, ta sani, kuma ba ta so ta sani ba.

To ga inda tsaftar ta jawo masifa. Baba yana fara sunan kowane fayil da kwanan watan da ya rubuta shi, daga nan tsohuwar manhajar take ɗauka. Sarkin Tsafta ya ga sunayen sun yi tsawo sun yi muni, bai tambayi kowa ba ya datse lambobin kaf. Sabuwar manhajar ta nemi kwanan wata ta rasa, sai ta buga wa kowane darasi ranar da aka yi ƙaura. Aikin shekaru ya koma kamar an zuba shi jiya.

Ɗan Goggo ne ya kawo labarin, mai shagon waya, wanda ya daɗe yana zarya a kan Auta tana yi masa ko oho. Ya shigo bakinsa har kunne, ya miƙa wa Baba waya. Akwai wani mai shafi da ya daɗe yana kwafe darussan Baba yana sa sunansa. Yanzu ya ɗauki hoton shafukan biyu ya watsa a zauren masu gyara na intanet: "Ku dubi kwanan wata. Wa ya saci na wa?"

Baba ya sa aka karanta masa martanin mutane. Da aka zo kan wanda ya rubuta "ashe tsohon ɓarawo ne", ya ce, "Ya isa." Ya cire gilashinsa ya ajiye.

Sarkin Tsafta ya iso a guje. Baba bai bari ya zauna ba.

"Yayan Auta ya gaya min kana neman izinin turo manyanka. Kai da ka mayar da ni ɓarawo da tsufana? Fita. Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Ɗan Goggo ya ƙara gishiri washegari, wai ya ga Sarkin Tsafta a ofishin mai kwafen. Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta rubuta masa: "Ashe da shi kuka shirya? Allah ya isa tsakanina da kai."

"Na je roƙonsa ya sauke ne, ya kore ni. Laifina ganganci ne, ba cin amana ba."

Ta ajiye wayar. Ta buɗe tsohon kwafin da ke kwamfutarta, ta bi darussan ɗaya bayan ɗaya tana mayar da kwanakin, tana yi tana kuka tana zaginsa. Ta gama, amma a banza. Mai kwafen ya ce ai kowa ma zai iya rubuta ranar da ya ga dama.

Sai ga rubutu ya bayyana a zauren, da cikakken sunan Sarkin Tsafta da hotonsa. Baba ya ce ta karanta.

"Ni na yi ƙaurar shafin Malam. Ni na goge kwanakin saboda gaggawa da jin na iya. Ga hotunan tsofaffin fayilolin, ga yadda na ɓata su. Malam bai taɓa satar layi ɗaya ba. Duk wanda zai zagi wani, ga ni."

Suka kuwa zage shi son ransu. Yaya ya ce har wasu da suka ba shi aiki sun janye. Amma tsofaffin ɗaliban Baba suka fito, kowa yana faɗin shekarar da ya fara karanta wane darasi, mai kwafen ya sulale ya bar zauren.

Baba ya saurari duka. Can ya ce, "Yaron nan wawa ne."

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Amma ba maƙaryaci ba ne. Kina son sa?"

Ta sunkuyar da kai. "Haushinsa nake ji."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta rufe fuska da mayafi, Baba ya yi tsaki ya ce a gaya wa yaron ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Ɗan Goggo ya ce ciwon kai yake yi. Ango ya durƙusa gaban Baba yana ba da haƙuri. Baba ya dafa kansa.

"Ka zubar da mutuncinka don ka ɗaga nawa. Auta kuwa na ba ka ita, ka riƙe min da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, in har ku biyun nan kun san yadda ake yin sa."

Aka ce amin ana dariya. Auta tana bayan labule, ta ce tata amin ɗin a hankali, hawaye ya hana ta ƙarasawa.