Hular Kyamara

Aina'u ta karanta saƙon sau uku tana tsaye a bakin rijiya, igiyar guga a ɗaya hannunta.

"Kwana tara ban ga Inna ba. In kin gaji da mu, ki faɗa. Sai in ce a ɗaga ranar."

Iliyasu ke nan, ɗan gwaggonta, wanda aka sa musu rana bayan yankan dawa. Fataucin shanu ya kai shi Ibadan, yakan yi wata biyu bai taka Ɗambatta ba. Mahaifiyarsa Hure kuwa, tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya riƙe waya, magana ma da ƙyar take fita.

Shi ya sa kafin tafiyarsa Aina'u, wadda ta karanci kwamfuta a Kano, ta kafa kyamara a jikin rumbu, tana kallon tabarmar da tsohuwar ke shan hantsi. Ta haɗa kyamarar da wata ƙaramar kwamfuta a ɗaki, kwamfutar kuma da akwatin intanet mai aiki da sola. A cikin akwatin ta buɗe ƙofa guda mai lamba, ta tsara cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ta daga waje a wuce da shi wurin kwamfutar. Adireshin akwatin jerin lambobi ne, ta rubuta wa Iliyasu a takarda. Kullum kafin ciniki ya kankama a kara, kasuwar shanu, sai ya buɗe waya ya ga uwarsa.

Ta kira shi. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, muryarsa a bushe. Ya ce Firdausi maƙwabciyarsu ta gaya masa komai: wai Aina'u ta ce ba a ɗaura aure ba an mayar da ita mai jinya, ita ta kashe abin da hannunta.

"Kuma ka yarda, Yaya Iliya?"



"Ni dai duhu nake gani," in ji shi.

Ta bar tulunta a nan, ta bi ta cikin gonar gyaɗa zuwa gidan Gwaggo Hure. Tana shiga ta haɗa wayarta da akwatin, sai ga hoto tas. Abin da ya yaudare ta ke nan duk kwanakin nan: daga cikin gida komai lafiya yake. Ta koma kan layin wayarta, ta ƙwanƙwasa daga waje kamar yadda Iliyasu ke yi. Ba amsa. Ta duba adireshin akwatin, ba lambobin takarda ba ne. Kamfanin intanet sabuwar lamba yake ba akwatin duk lokacin da ya mutu ya sake tashi. To wa ke kashe shi?

Ba ta tambayi kowa ba. Ta jawo ƙwarya ta zauna kusa da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa.

Da hantsi ya dubi ludayi, Malam Dabo, mijin Hure, ya dawo daga gona. Ya jingine fartanya, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya zare wayar wutar akwatin, ya fito da gwangwanin man kaɗanya. Ya durƙusa, ya kwance ɗankwalin matarsa, ya shafa mata mai a furfura. Sannan ya ɗauki hannun da ya mutu yana murzawa, yatsa bayan yatsa. Da ya gama ya ɗaura mata ɗankwalin a karkace, ya koma ya mayar da waya.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"Kwana tara. Likita ya ce a riƙa murzawa."

Ta ce ai Iliyasu kaɗai ke gani. Tsohon ya dube ta.

"A kara yake. Mahauta da direbobi na leƙe ta kafaɗarsa. Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya ga kan Hure sai ni."

Rabin bakin Gwaggo da ke motsi ya yi murmushi. Aina'u ta sunkuyar da kai, idonta ya cika. Ta gaya masa abin da cire wayar ya jawo, har zancen ɗaga rana.

Ta shiga ɗaki ta zauna gaban kwamfutar. Laifinta ne, ta ba mutum lamba mai sauyawa ta ce ya dogara da ita. Ta yi wa gidan rajistar suna guda a intanet, ta sa kwamfutar ta riƙa duba adireshin akwatin kowane minti biyar, da zarar ya sauya ta sanar da sunan. Ko sau goma aka kashe, mai neman sunan zai iso ƙofar.

Da ta fito ta roƙi Baba ya daina zare wayar, don yana gajiyar da akwatin. Ya shiga turakarsa ya fito da wata tsohuwar hula, ya kifa wa kyamarar.

Ta tura wa Iliyasu sunan, ba ta ƙara ko kalma ba. Ba a jima ba ya kira, ya ce ya shiga, amma har yanzu duhu.

Malam Dabo ya karɓi wayar, ya ɗage hular, ya tsaya gaban kyamarar.

"Iliyasu. Ni ne mai kashewa. Yarinya ba ta da laifi. Kai kuma ka ji magana a bakin maƙwabta ba ka tambayi mai ita ba. Rana tana nan."

Ya miƙa mata wayar. Daga can ana jin kukan shanu, sannan numfashinsa.

"Aina'una… ki yafe mini."

"Da ka tambaye ni, Yaya."

"Na ga Inna. Wa ya ɗaura mata ɗankwali haka?"

Dariya ta kufce mata tare da hawaye. Gwaggo ta miƙo hannunta mai lafiya, ta kama na Aina'u, ta ɗaga shi sama saitin kyamarar, ta riƙe gam.

Malam Dabo ya bar su suka ɗan jima a haka.

"Ya isa. Shanu na jiranka," in ji shi, ya mayar wa kyamarar hularta.